Wa Ya Rufe wa Linta Baki?

Zuwa gare ka, sanyin idanuna, inuwata a tsakar rana, ruwan da ke kashe min ƙishi,

Ina gaishe ka da zuciyar da ta ƙi zama wuri ɗaya tun jiya. Ka san ni, ba na iya riƙe magana a ciki, kuma a ofis ido ya yi yawa, shi ya sa na ɗauki biro.

Ka tuna makon da na fara aiki a ƙarƙashinka? Na gina ɗan shafina na intanet, na turo maka ina jiran yabo, sai linta, manhajar nan da ka ɗora mana don ta riƙa tsince kurakuran kod, wato rubutun da muke gina shafi da shi, kafin su kai ga jama'a, ta ja min jan layi. Wai na sa hoto babu bayanin da waya za ta karanta wa makaho. Na marairaice, na ce ka ɗaga min ƙafa. Ka jawo kujera ka zauna gefena, ka ce, "Ko mahaifiyata ce ta rubuta wannan, sai ta gyara." Na yi fushi har kunnuwana suka ɗau zafi! Amma a ranar na kamu. Na ce a raina, namijin da ba ya yi wa hoto ɗaya alfarma ba zai ha'inci mace ba.

To, abin ƙaunata, jiya na buɗe maɓallin aika saƙo da sabuwar ma'aikaciyarmu ta gina, wadda ka ba teburin bakin taga. Maɓalli ne tsirara, ba suna, sai zanen kibiya. Makaho zai taɓa shi bai san ina zai kai shi ba. Irin kuskuren da linta ke cafkewa kafin a ƙifta ido ke nan, amma ta yi tsit. Da na duba sama, sai ga layin da ke umartar ta ta kau da kai. Na bi tarihin aikin ina addu'ar in ga sunan wani. Sunanka na gani, kai ka amince.

Kai? Kai da ka mayar wa oga aikinsa a gaban kowa? Me ta faɗa maka da ni ban iya faɗa ba? Wace irin murya ce ta narkar da dutsen da na yi ta bugawa har hannuna ya gaji? Tun jiya komai ya zame min abin tuhuma: shayin da kake haɗawa kofi biyu, dariyar da ke mutuwa idan na shigo, wayarka da ta koyi kwanciya rub da ciki. Wataƙila sauri ne ya matse ku, wataƙila kai ma mutum ne, ka gaji. Idan haka ne, me ya hana ka gaya min, mu da muke cin abincin rana a kwano ɗaya?

Kishi nake yi, ba zan ɓoye ba, kuma tsoro nake ji. Na riga na kai sunanka gaban Mama, har Yaya ya fara tsokanata da kai. Ba na so in koma in ce musu na yi kuskuren karanta mutum.

Ban je wurin sabuwar ma'aikaciyar ba, ba ta yi min laifi ba. Na goge layin nan, na sa wa maɓallin suna, linta ta bar shi ya wuce lafiya lau. Gyaran yana gabanka yanzu, yana jiran amincewarka, kuma ita ma mai teburin bakin tagar za ta ga wanda ya amince. Idan ka danna, zan haɗiye zargina in nemi gafararka. Idan hannunka ya yi nauyi, kada ka wahalar da kanka da bayani.

Taka, wadda ba ta taɓa kallon kowa ba bayanka, kuma ba za ta kalla ba, ko da amsarka ta karya ta.