Ramukan Kacala a Kan Iyaka

Yaya,

Ina gaishe ka, da Anti da yara. Ya ƙafar taka, kumburin ya saɓe? Allah ya ƙara sauƙi.

Na rubuto ne tunda ka daina ɗaukar wayata. Inna ta ce da ta gaya maka kifayena sun mutu, sai ka ce zafin rana ne ya kashe su. Ba zafi ba ne. Da idona na ga ma'aikatanka suna wanke famfunan feshi a kwatar da ta gangaro daga gonar tumatirinka zuwa tafkina. Ruwan fari fat kamar madara, warinsa har maƙogwaro. Washegari kwando-kwando na kwashe tarwaɗa na binne.

Darajar Inna ce ta hana ni kai ƙara. Malamin gona na kira, ya nuna mini dabara: a haƙa ramuka a jere, a shimfiɗa leda, a zuba tsakuwa da yashi, a dasa kacala, doguwar ciyawar nan ta fadama. Ruwan zai bi ta saiwoyin a hankali, ƙananan halittun da ke jikinsu su karya ƙarfin maganin kafin ya iso wurina. A gefena na haƙa, ban ci taku ɗaya na gonarka ba. Ka dai ja wa mutanenka kunne su daina juye ragowar magani tsagwaronsa, ramukan ba za su iya da shi ba.

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka, Auta

Yaya,

Ina gaisuwa, don haka aka tarbiyyantar da mu. Da fatan yara suna lafiya.

Na ga aikinka. Kacalar ta kai ƙirjina, ka turo ƙarti da adduna suka kwantar da ita, suka fasa bakin ramin farko. Wai sauro nake tara maka. Ta ƙarƙashin tsakuwa ruwan yake tafiya, ina sauro zai samu wurin ƙwai? Da ka tako ka duba da ka gani, amma taka ƙasar Auta ya fi ƙarfin girmanka.

A makon na zuba sababbin 'ya'yan kifi. Ruwan maganin ya bi ta inda suka fasa ya shiga tafkin, ko ɗaya bai kai labari ba. Na zauna a bakin tafkin na yi kukan da ko ranar rasuwar Baba ban yi irinsa ba, kai kuwa kana ɗakin Inna kana ba surukai dariya, wai ƙanwarka ta koma noman ciyawa.

Na sake dasawa, tafin hannuna duk ya yi kanta. Na kewaye wurin da waya. Duk wanda ya ƙara tsallakowa, a gaban hukuma za mu haɗu, ko da kai ne. Inna ta yi ta roƙo, na ce mata wannan karon ta yi haƙuri.

Auta

Yaya,

Sallama. Anti ta zo jiya, ta ce hawan jininka ya tashi. Allah ya ba ka lafiya, wannan har zuciyata na faɗa.

Ta daɗe tana kewaye-kewaye kafin ta fito da maganar. Ashe kamfanin da ke sayen tumatirinka zai turo masu bincike su ga inda ruwan feshinka yake ƙarewa, in bai yi musu ba su daina saye. Shi ne kake so in buɗe shingen wayar, ka zaga da su ramukana a matsayin naka.

Ramukan suna aiki kam. Malamin gona ya kai ruwan ramin ƙarshe gwaji, ya ce maganin ya ragu ƙwarai, ko da yake ruwan ba na sha ba ne. Kifayen da na sake zubawa sun fara cika hannu.

Amma ba zan yi maka ƙarya ba. In suka tambaye ni wa ya haƙa, zan faɗa. In suka tambayi wa ya sare, shi ma zan faɗa.

Ga abin da zan iya. Ka haƙa naka a gefenka, in ba ka dashen kacala kyauta, in tsaya a kan aikin har ya kama. Sharaɗina ɗaya: kar ka sake turo mini Anti, ko Inna, ko ma'aikaci. Ka zo da ƙafarka ka tambaya. Ni ka yi wa, ni za ka kalla.

A gaida yara, a ce ina kewarsu.
Ƙanwarka dai, Auta