Dutsen da kake ɗorawa bisa kujerar injin

Tamaske, ranar Laraba

Zuwa ga ƙanena Harisu, a Abijan.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah wasiƙar nan ta iske ka lafiya, kai da 'yan garinmu da kuke zaune tare. Mu nan sai godiya. Ruwa ya zauna, hatsi ya kai gwiwa. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har tana fita barka da kanta. Matarka Murja na nan da nauyinta, Allah ya raba lafiya.

Harisu, ba ni son tada maka hankali, amma nawa a tashe yake tun da Ɗantala ya dawo daga wajenku. Ya tsaya ƙofar gida yana yabon aikinka na otal. Ya ce injin yankan ciyawar da kake hawa kamar ƙaramar tarakta yake, da wuƙaƙe a ƙarƙashi, kuma an ƙera shi yadda in mutum ya tashi daga kujera sai ya mutu da kansa. Ya ce kai ka samo dabara: dutse kake ɗorawa bisa kujerar, injin na ta ruri, ka sauko kana cusa ciyawa cikin buhu, har wadda ta liƙe kusa da wuƙa kana jawo ta da hannu. Maza sunka yi ta dariya, wai Ba'adare, mutumin yankinmu, ba ya ganin ciyawa ya wuce. Ni ban yi dariya ba.

Na fahimce ka. Mu da munka ga bisashenmu na cin kwali da rani, a zubar da ɗanyar ciyawa gabanmu abu ne mai ciwo, kuma na ji masu raguna na unguwarku kake kai wa. Amma don Allah ka kashe injin, ka zare makulli, ka jira wuƙar ta tsaya cak, sannan ka sa sanda, ba hannu ba. Ka kuma tambayi ubangidanka ko ya yafe maka ciyawar, ita ma da mai ita.

Ɗantala ya ce kuma in za ku kai injin wani fili, bisa katako biyu kake hau da shi bayan kamiyo, babbar motar kaya, da silifa a ƙafarka, ku ɗaure da 'yar igiya irin ta akuya. Na tambayi Alƙasim direba ba tare da na ambaci sunanka ba. Ya ce a kafe katakon tukuna, a hau sannu a miƙe, a ja birki, a ɗaure gaba da baya da ɗamara mai ƙarfi.

Na roƙi Ɗantala kada maganar ta shiga kunnen Inna ko Murja. To jiya Inna ta tambaye ni abin da ya hana ni cin tuwo, na ce ba komi, tun lokacin nake istigfari. Ba ni sake yi mata haka. Ka kira ni ka ce mini ka jefar da dutsen. In ta sake tambayata kafin ka kira, gaskiya zan gaya mata, kuma ka san Inna, cewa za ta yi ka tattaro ka dawo gida da hannuwanka biyu, ko babu ko dala.

Ka gaida Mahfuzu da iyalinsa. Inna na sa maka albarka, Murja da Hafsa na gaishe ka, Baba Tsoho ma ya ce a gaishe ka. Allah ya tsare mana kai.

Yayarka,
Tabawa