Lissafin Watannin Yarinyar Nan

Zuwa ga Yaya Hajara,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, da fatan kina lafiya, ke da Malam da yara. Yaya ciwon gwiwar? Mu nan Gombe sai godiya.

Bayan haka, yarinyar nan ta unguwar Bagadaza tana da juna biyu. Da yake 'yar farina ce, kunya ta sa na yi wa kaina alkawari ba zan tambaye ta ba; ido kawai na sa. Bayan Maulidi na ga tana yawan tofar da yawu, tana tsotsar tsamiya. A watan azumin tsofaffi muna zaune ta zabura, ta dafe ciki tana murmushi, na kau da kai. In lissafina daidai ne, za ta sauka wajen Babbar Sallah. Allah ne masani. Ina tuhumar kaina ko ƙirgar nan shisshigi ce.

Ki hau jirgin ƙasa kafin layya, domin wankan jego a hannunki yake, ni ba zan iya ba. Ki sa ta a addu'a, ki gaida mutanen gida.

Alkawari na cika, ban tambaya ba. Amma itacen wanka ya riga ya cika zaure.

Ƙanwarki,
Asma'u