Allura Goma Sha Biyu a Gwangwani

Litinin, 3 ga Maris
Yau Auta ya fara allurar ciwon hanta, nau'in C. Sunanta intaferon, sau ɗaya a mako, ga ƙwayoyi safe da yamma. Likita ta ce bayan mako goma sha biyu za a auna jini; idan cutar ba ta ragu ba, za a daina. Na ajiye allurar a firji, ni zan riƙa yi masa. Shekararsa talatin da ɗaya, amma wanda ya kwaso cuta a yawon tuƙin babbar mota ba a bar masa amanar kansa.

Laraba, 19 ga Maris
Zazzaɓi, rawar ɗari. In ya haɗiye ƙwaya sai ya buɗe baki na duba ƙarƙashin harshe. Wai, “Umma, ko fitila za a kawo miki?” Ban yi dariya ba.

Asabar, 12 ga Afrilu
Abokansa sun zo dubiya, na sallame su daga bakin ƙofa. Su suka lalata shi. Yayarsa ta ce na cika tsanani. Na ce da na tsananta tun farko da ba mu zo nan ba.
Gashinsa a kan matashi, kamar an yi aski.

Talata, 27 ga Mayu
Sakamako ya fito. Cutar ba ta ragu ba.

Alhamis, 29 ga Mayu
Na ritsa shi a ɗaki. Na ce ko dai yana amayar da ƙwayoyin a banɗaki, ko yana shan wani abu a ɓoye. Na zazzage jakarsa, na ɗaga katifa. Bai hana ni ba. Yana zaune a bakin gado, wando ya yi masa yawa. Abin da ya ce kawai, “Ke kika yi min kowace allura da hannunki.”
Daga nan bai ƙara yi min magana ba.

Talata, 10 ga Yuni
Na kai wa likita gwangwanin madarar da nake tara sirinji a ciki, guda goma sha biyu cif, don ta san ba daga wajena aka yi sakaci ba. Ko ƙirgawa ba ta yi ba. Ta nuna min sakamakon ɗan naman hantar da suka ciro kafin a fara. Ta ce maganin sai ya sami inda zai kama a jikin ƙwayoyin halittar hanta kafin ya yi aiki, kuma hantar Auta kaɗan take samar da wuraren kamun. Na ce wato har hantarsa ba ta jin magana. Ta dube ni.
“Hajiya, ba halinsa ba ne. Jikinsa ne haka, kuma ana iya gadon irin wannan. Da liman ne ma haka za ta kasance.”
Na tambaya gado ta wane ɓangare. Ta ce ba ta sani ba. Auta na gefe yana kallon takalminsa.
An daina allurar, ta goma sha biyun ce ta ƙarshe. Sai jiran wani maganin, in akwai.

Laraba, 11 ga Yuni
Ta wajen ubansa ne. Dole.

Litinin, 16 ga Yuni
Na buɗe firji da safe kamar kullum, sai na tuna babu abin ɗauka. Na zubar da gwangwanin.
Ban ba shi haƙuri ba, uwa ce ni. Amma da la'asar dogon nan cikin abokansa ya zo ya tsaya nesa da ƙofa. Shara ta kai ni wajen. Na ce ya shigo, rana ta yi zafi.
Na jiyo dariyar Auta daga kicin. Kofi biyu na kai musu.