Albashin Matar Yaya

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Mu nan lafiya lau. Inna na gaishe ki, ta ce ƙafar ta yi sauƙi, ki daina aiko mata da maganin nan mai wari.

Na zaɓi rubutu ne don in na kira ki a waya ba kya bari in kai aya. Jakar da direba zai ba ki cike take da rasit na shekara biyu da littattafan ciniki na shagunan nan biyu. Kada ki yi tsaki in kin ga tabon mai a jikinsu, a gidan abinci aka haife su.

Ga maganar. Na samu wuri a bakin sabuwar tashar mota, bene ne, sama da ƙasa, har da filin ajiye motoci. Auta, in kin ga jama'ar da ke kai da kawowa a wurin sai kin riƙe baki. Ina so in buɗe reshe na uku. Banki ya yarda ya ba ni rance, amma da sharaɗi biyu. Na farko, rahoton akanta mai hatimi da zai nuna ribarmu za ta iya ɗaukar bashin. Na biyu, takardun gidan Baba, Allah ya ji ƙansa, su zama jingina. Tunda gidan namu ne mu uku, ni da ke da Inna, sai kowa ya sa hannu. Inna ta riga ta dangwala nata.

Manajan bankin ya ce ƙa'idarsu ita ce kada bashi gaba ɗaya ya wuce ribar shekara uku. Na buga lissafina. Ragowar bashin reshe na biyu da wannan sabon, miliyan talatin ke nan. Riba kuma miliyan goma a shekara. Kin ga daidai wa daida, kamar tela ya auna.

Don haka, tunda ke akanta ce, ki duba, ki buga hatiminki, ki sa hannu. Ai ba a banza na sayar da shinkafa da miya na biya miki kuɗin makaranta ba. Yau ranarki ce.

Ki gaida kowa da kowa.

Naki,
Yayanki

*

Zuwa ga Yayana,

Wa alaikumus salam. Na samu saƙonka da jakarka, har da ƙashin kaza guda a tsakanin rasit, na gode da tsaraba. Ina gaida Inna, ina gaida matarka Anti da yara.

Yaya, na zauna da takardun nan na bi su ɗaya bayan ɗaya. Masha Allah, ciniki kam akwai, kuma babu inda na ga hannun ɓarawo. Amma akwai abin da na nema na rasa. Na ga albashin masu kai abinci, na ga na masu wanke-wanke, na ga na maigadi, har na mai kwashe shara na gani. Ban ga na Anti ba.

Duk rasit ɗin kasuwa da rubutunta ne. Ita ke sayo kaya da sassafe, ita ke haɗa miyar shagunan biyu, ita ke riƙe da makullin sito. Aikin mutum uku take yi, kuma ba ƙananan mutane ba. Na tambayi wata ƙawata da ke riƙe wa wani otel lissafi nawa suke biyan manyan masu girki biyu da mai sayayya guda, na haɗa da rangwamen da 'yan kasuwa ke yi wa Anti don sabo. Abin ya tasam ma miliyan huɗu a shekara. Na rubuta maka shi wata-wata a takardar da ke haɗe da wannan.

A wurinmu, riba ita ce abin da ya rage bayan ka biya duk wanda in ya zauna sai ka ɗauki wani a madadinsa. In aka bi haka, ribarka miliyan shida ce, ba goma ba. Bashin miliyan talatin kuwa ya zama ribar shekara biyar cur, ba uku ba, ban ma sa kuɗin ruwa ba. Sauran huɗun nan ba riba ba ce, Yaya, bayan Anti ne da ƙafafunta. Ga shi kana son ɗora mata tukunya ta uku.

Ba na ƙin ci gabanka, Allah ya sani. Ka jira shekara biyu, ka rage tsohon bashin, ka horar da mai girki. Wuri ba ya ƙarewa a duniya, amma gidan Baba guda ɗaya ne, kuma Inna na cikinsa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ka yi haƙuri, ba zan iya buga hatimi a kan miliyan goma ba.

Ka huta lafiya.

Ƙanwarka,
Auta

*

Auta,

Salamu alaikum. Na karanta.

Ashe boko har ya kai ki ki sa wa matata farashi kamar buhun shinkafa? Shekara ashirin muna tare, da ita muka fara da tebur ɗaya da benci biyu, yau ke ce za ki gaya mini 'yar aiki ce da na ƙi biya? Abin da ke nawa nata ne. Wa kika taɓa ji ya biya kansa albashi a gidansa?

Ni ban nemi wa'azi a wurinki ba, hatimi na nema. Akantoci sun cika gari, in na ga dama gobe zan samu wanda zai buga. Sa hannunki a takardar gida ne kawai ba ni da yadda zan yi. In kin hana, shi ke nan, na gode. Amma ki sani lokacin da na biya miki kuɗin makaranta ban tsaya lissafin ribar shekara nawa ba ce.

Ki aiko mini da jakata.

Yayanki

*

Zuwa ga Akantar gidanmu,

Sallama da gaisuwa irin ta 'yan uwa. Ya aiki, ya yara, ya mai gidan? Ki yi haƙuri da rubutuna, hannun ya fi sabawa da ludayi.

Na ga takardarki a aljihun yayanki ranar wanki, na karanta. Wallahi sai da na yi dariya har na zauna. Ashe ni mai tsada ce haka ban sani ba? Da kin gaya mini tuntuni ai da na ja aji. Na gode, ƙanwata, ke kaɗai ce kika taɓa ƙirga ni.

To amma ki saurare ni. Tun da takardar nan ta zo gidan ba daɗi. Mutumin da ke ciyar da gari ga shi ba ya iya cin loma uku. Kullum da yamma sai ya je ya tsaya a gaban benen nan yana kallo, ya dawo ya ce wani mai gidan burodi ma yana zawarcin wurin. Inna kuma ta sa a ranta 'ya'yanta biyu sun ɓata, tana ta tambayata me ya haɗa ku.

Kuma kada ki ɗauka shi kaɗai ke so. Na shiga kicin ɗin wurin na gani. Akwai famfo a ciki, akwai tayil, akwai abin zuƙe hayaƙi. Ni da na shekara ashirin hayaƙi na cin idona, ki bar ni in ɗana kafin in tsufa.

Maganar albashi kuwa, ki goge ta. Ban nema ba, ba zan nema ba. Kin ce in na zauna sai an ɗauki mutum uku. To wa ya ce miki zan zauna? In ban da haihuwa ban taɓa kwana biyu a kwance ba. Ɗan ciwon bayan da Inna ta tsegunta miki ba komai ba ne, man zafi nake shafawa ya wuce.

Don Allah, don darajar zumunci, ki cire ni daga lissafin nan. Ni ce mai haƙƙin, kuma na yafe. Kada ki gaya masa na rubuto.

Taki har kullum,
Matar Yayanki

*

Anti,

Na samu takardarki, na karanta ta ya fi sau nawa. Ban san yadda ake musu da wadda ta yi mini kitso ta raka ni makarantar kwana ba.

Na cire layin. Rahoton ya koma miliyan goma, na buga hatimi, na sa hannu a takardar gida. Direba zai kawo wa Yaya gobe. Raina bai kwanta ba, ba zan ɓoye miki ba. Abu ɗaya nake roƙo: ki je asibiti a duba bayan nan, kuma ki daina ɗaga babbar tukunya ke kaɗai.

Allah ya sa albarka, ya kunyata lissafina.

Ƙanwarki,
Auta

*

Zuwa ga ƙanwata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Rabon da in rubuto miki tun kafin buɗe reshen tasha, yau shekara ɗaya da rabi ke nan. Duk wayar da muke yi ina ce miki lafiya lau. Wannan maganar ce bakina ya kasa faɗa, shi ya sa na koma ga biro.

Kin san Antinki ta kwanta an yi mata aiki a baya. Abin da ba ki sani ba shi ne ba za ta koma bakin murhu ba. Tukunya ta sunkuya za ta sauke, a nan ta durƙushe, sai ɗaukarta aka yi. Likita ya ce ƙashin bayan ya daɗe yana lalacewa, ba tsayuwa mai tsawo, ba ɗaukar abin da ya fi buta nauyi. Ashe wata da watanni tana ɗaure ƙugu da zani tana girki, ni ina can sama ina ƙirga kujeru.

Na ɗauki masu girki biyu, daga baya na ƙara na uku. Na ɗauki mai zuwa kasuwa, shi kuma duk abin da ya sayo sai ya fi nata tsada. Rannan na ɗauko takardarki ta farko na gwada da abin da nake biya yanzu. Kin yi kuskure, Auta. Ya fi miliyan huɗu.

Ga kuma abin da ke ma ba ki sa a lissafi ba. Wani dattijo mai gyaran agogo da ke cin abinci a wurinmu tun muna da benci biyu, ya kai cokali ɗaya baki ya ajiye, ya tambaye ni ina mai miyar. Na ce ba ta da lafiya. Ya yi mata addu'a, ya biya kuɗinsa, ban sake ganinsa ba. Haka suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya.

Na rufe reshen tasha. Na sayar da na biyu da firij da janareta, duk bai toshe ramin ba. Biyan wata-wata ya tsaya tun tuni. Banki ya aiko da takarda ta ƙarshe, za su yi gwanjon gidan a ƙarshen watan gobe.

Na gaya wa Inna. Na so ta zage ni, ko ta yi kuka. Ta daɗe tana kallon bishiyar lemon da Baba ya dasa a tsakar gida, sannan ta ce: "To, ita ba a tafiya da ita ko?" Shi ke nan abin da ta faɗa.

Kin faɗa mini gaskiya na zage ki. Ki yafe mini maganar kuɗin makaranta, ita ta fi damuna.

Yayanki

*

Yayana,

Wa alaikumus salam. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Na kira manajan, na roƙe shi, na kawo duk abin da ni da maigidana muka tara. Ya ce ko rabin abin da ake bi bai kai ba, kuma maganar ta wuce teburinsa. Ya ƙara da cewa ai rahoton akanta ne ya nuna musu bashin bai fi ƙarfinku ba.

Kada ka nemi gafarata. Kai abin da ka gani ka gani, jama'a a bakin tasha. Anti kuma gidanta take son gyarawa. A cikinmu ni kaɗai ce na san adadin, na rubuta shi da hannuna, na kuma goge shi da hannuna don kada a yi fushi da ni. Da na bari kun yi fushin, da yanzu kun huce, Inna na zaune a inuwar lemonta, Anti kuma wataƙila da tukunya biyu ba ta karya ta ba. Wannan ne ke hana ni sukuni.

Ka turo mini Inna ta zauna a wurina, akwai ɗaki. Ni dai ban da idon da zan zo in kalli Anti a kwance, ban da ƙafar da zan taka in ga ana fitar da kaya daga ɗakin Baba. Ka ba su haƙuri.

Ƙanwarka,
Auta

*

Akantar gidanmu,

Gaisuwa da fatan alheri. Mun tashi. Ɗaki biyu ne da falo a bayan tsohon shagon, shi kaɗai ya rage mana, bashi kuma ya ƙare. Inna ta ce ba za ta zo wurinki ba, ƙafarta ƙafarmu. Ta taho da 'ya'yan lemo a ƙullin zani, ta shuka a tsohon bokiti.

Yanzu kujera ake ajiye mini a ƙofar kicin, ina ɗanɗana miya ina faɗa. Jiya ƙarshen wata, yayanki ya biya ma'aikata, sai na ji ya kira ni a ƙarshe ya miƙo mini ambulan. Na ce ya bari sai mun farfaɗo. Ya ce a'a, akanta ta ce a sa.

Ban san me ake yi da albashi ba, ban taɓa karɓa ba. Na cire kuɗin mota na sa miki a cikin wannan takarda. Ni na ce ki goge, ke kika goge, shi ya ci bashin, an yi an gama. Gidan ya tafi, kada ke ma ki bi shi.

Ki zo. Tabarma akwai.

Taki,
Matar Yayanki