Auta Ba Ta Jira Bishof Ba

Litinin, 3 ga Yuni
An mayar da 'yata Auta gadon kusa da taga a asibiti. Shekara sha biyar, amma da hannu ɗaya nake ɗaga ta. Likita ya ce cutar jinin ta dawo. Ya faɗa yana kallon takalminsa.

Alhamis, 6 ga Yuni
Katakis, mai koya musu addini a coci, ya zo dubiya. Auta ba ta tambaye shi komai ba sai ranar zuwan Bishof. Ƙarshen wata mai zuwa zai zo ya ba 'yan ajinsu Sakramentin Ƙarfafawa, ibadar tabbatar da bangaskiya. Tun bara take haddar tambayoyin, har a banɗaki. Na ce da ƙafarta za ta je.
A baranda ya ja ni gefe. Wai ba sai an jira Bishof ba, Fada, limamin cocinmu, shi ma yana da izinin bayarwa. Na ce to, madalla, tun yaushe? Ya yi ta murza hula. "Idan akwai haɗarin mutuwa, Mama."
Na ce ya ɗauki ledar lemun da ya kawo ya tafi. Bakinsa ya sari ɗanyen kashi!

Asabar, 8 ga Yuni
Ta ci cokali biyu. Ta amayar.

Lahadi, 9 ga Yuni
Ban je coci ba. In na je Fada zai tare ni. In na ce masa ya zo, na yarda ke nan da bakina cewa 'yata tafiya za ta yi. Ni da na haife ta. Ya Ubangiji, wannan wace irin tambaya ce kake yi mini? Tsoro nake ji, tsoro har cikin haƙorana.

Talata, 11 ga Yuni
Ƙanwata, wadda za ta tsaya mata shaida ranar sakramentin, ta ce, "Yaya, yarinyar nan fa ba kurma ba ce." Na zage ta tas. Ita da ko kaza ba ta taɓa jinya ba.

Laraba, 12 ga Yuni
Ina goge mata baki ta riƙe mini zane.
"Mama, Katakis ya ce Ruhu Mai Tsarki yana ba mutum ƙarfin tsayawa. 'Yan ajinmu me za su yi da shi yanzu? Ni ce nake bukata."
Na ce ta daina wannan zance, za ta warke.
"To, ki bari in warke da ƙarfina."
Na shiga banɗaki na buɗe famfo don kada ta ji ni. Da na fito na kira Fada. Na ce masa ya zo.

Juma'a, 14 ga Yuni
Fada ya zo da hantsi, da 'yar kwalbar mai mai tsarki a aljihu. Na zata abin zai daɗe. Ƙanwata ta ɗora hannun dama a kafaɗarta, ƙashi zalla. Fada ya shafa mata man a goshi da alamar gicciye, ya ce ta karɓi hatimin baiwar Ruhu Mai Tsarki. Amin ɗinta har matar gadon ƙarshe ta ji. Ya ce abin da aka fara ranar baftismarta, tana jaririya tana tsala ihu, yau ya cika.
Ɗakin ya yi ta ƙamshi. Nas ta zo da auduga za ta goge mata goshi, na riƙe hannun nas ɗin.
Auta ta ce, "Mama, ki kwanta, ni zan yi gadinki." Ja'ira. Na shimfiɗa zane a ƙasa, wai in ɗan miƙe baya. Sai la'asar na farka.
Likita ya zagayo da yamma. Ban tambaye shi yaushe za a sallame mu ba. Mantuwa ce kawai.