Gahawar da Ba a Sha Ba a Gidan Abu Ƙusai

Salt, 3 ga Yuli

Ummu Sabri, abokiyar zamana,

Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Sabri da matarsa da jikar da ban gani ba sai a waya. Yaya ciwon bayan naki? Har kunyar tambaya nake ji. Shekara goma sha shida ina tausa bayan ƙartin Jordan, bayan matata kuwa maƙwabciya ke shafa masa man zaitun.

Albishirinki. Kwantiragin Ƙusai ya ƙare, yanzu ba igiyar kowa a wuyansa, duk ƙungiyar ƙwallon kwandon da ta ga dama tana iya ɗaukarsa. Wata a Kuwait tana zawarcinsa. Kin san alkawarina: ranar da yaron nan ya bar mu, ranar zan naɗe tabarmata in dawo Sohag. Tun yana ɗan shekara sha bakwai gwiwarsa ta hagu take hannuna, ita ce ta riƙe ni, ba albashin Abu Laisu mai ƙungiyarmu ba.

Garin nan ya rikice. Tunda kullum a teburina na tausa yake kwanciya, sun ɗauka na san abin da ke ransa. Mai sayar da kunafa, kayan zaƙin nan mai cuku, wanda bai taɓa kira na da komai ba sai "kai Bamisire", yanzu Dakta Shahata nake a bakinsa, yana ƙara min cuku yana tambaya ko Ƙusai ya yi maganar haɗa akwati. Abin da Ƙusai ke yi a teburina ɗaya ne, minshari. Na faɗa musu, suka ce ina da zurfin ciki.

Ba zan zalunci yaron ba. Ɗan halak ne, in ya tashi sama da ƙwallo ni kaina ina manta gajiyata. Amma duk garin ni kaɗai ke roƙon ya tafi. Ranar Juma'a liman ya roƙi Allah ya bar mana abin da muke ƙauna a kusa da mu. Kowa ya ce amin da ƙarfi yana nufin Ƙusai. Ni ma na ce amin, ina nufin ke.

Ki fara kiwata agwagwa.

Mijinki,
Shahata

Salt, 19 ga Yuli

Ummu Sabri,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da yara. Ki zauna kafin ki karanta, kuma ki dakata da yanka agwagwar nan.

Abu Laisu, shugaban ƙungiya, ya ga wakilin Kuwait ya sauka a gari, sai ya yi abin da ya iya. Ya tara dattawa talatin da manyan riguna, muka ɗunguma gidan mahaifin Ƙusai kamar masu neman aure. Ni an tafi da ni ne don in riƙe rigar wasan da aka sa a gilashi. Aka zaunar da ni bakin ƙofa, kusa da takalma.

Aka zuba gahawa, Abu Laisu ya ajiye kofinsa a ƙasa bai kurɓa ba, sauran suka bi, don ba a sha sai an biya wa baƙo buƙatarsa. Ya yi jawabin rabin awa a kan kakanni da mutuncin gari. Abu Ƙusai ya saurara, sannan ya ce shi manomin zaitun ne, bai san komai a kan kwando ba sai wanda ake zuba 'ya'yan itace, a kira yaron.

Ƙusai ya shigo yana sunkuyawa don kada ya fasa ƙofa da goshi. Ya sumbaci hannun mahaifinsa, ya ce, "Gwiwata ba ta san kowa ba sai baffana, Ammu Shahata. In yana nan, ina nan. In ya koma Masar, ni ma sai Kuwait."

Kawuna talatin suka juyo wajen takalma.

Abu Laisu, wanda ya shekara shida yana min alkawarin gyara fankar ɗakina, ya ce in matso kusa da shi, wai ni ɗan'uwansa ne. Wani tsoho ya raɗa min, "Kai Bamisire, ka ji tsoron Allah ka ce mu sha, mansaf ɗin shinkafa da rago na hucewa."

Na miƙe na ce ba ni da bakin magana, na riga na yi wa wata mace a Sohag alkawari. Na ɗauka zancen ya mutu ke nan. Ashe bayan shekara goma sha shida ban san mutanen nan ba. Abu Laisu ya tambayi waye waliyyinki. Na ce mahaifinki ya rasu, kuma ko yana raye ba ya tsallake maganarki. Sai ya naɗe rigarsa ya ce to gahawar nan ba a wannan gidan za a sha ta ba. Suka bar kofuna cike. Mansaf kuwa aka ce al'ada ba ta ambace shi ba, suka cinye tas.

Suna nan tafe wajenki ranar Alhamis ta sama, mutum goma sha ɗaya, ta jirgin ruwan Aƙaba. Ni ne ɗan jagora. Ki ara kofuna.

Zan faɗa miki gaskiya. Da yaron ya ambaci sunana a gaban dattawan nan, na ji daɗi, kuma har yanzu ina jin haushin kaina da na ji daɗin. Amma alkawari naki ne. In kin ce a'a, na sauka ke nan, ba za ki taɓa jin na yi miki gori ba. In kin ce e, to da sharaɗin ki biyo ni, su ba mu gida mai taga.

Ko wanne kika zaɓa, roƙona ɗaya ne: kada ki yi saurin amsawa. Ki bar Abu Laisu zaune da kofi a gabansa har ƙuda ya faɗa ciki. Na daɗe ina so in ga yadda jira yake masa.

Naki har kullum,
Shahata